Rabi da Ɗoriya: Zagaye na Biyu, Jera 'Yan Takara, ko a Bar Dokar Yadda Take?

A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairun 2023, Bola Tinubu ya tashi da ƙuri'a 8,794,726. Atiku Abubakar ya samu 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Rabi'u Kwankwaso kuma 1,496,687. In ka yi lissafi, wanda aka rantsar ranar 29 ga Mayu ya hau mulki ne da kashi 36 da ɗoriya cikin ɗari, wato kusan mutum biyu cikin ukun da suka dangwala, wani suka dangwala wa. Doka ba ta nemi fiye da haka ba. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999 abu biyu ya gindaya: ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'a, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Babu inda aka ce sai ya haye rabi.

Daga nan ne maganar gyara take tasowa, kuma duk lokacin da majalisa ta buɗe zaman jin ra'ayin jama'a kan kundin tsarin mulki sai an taɓo ta. Hanyoyin da ake da su a duniya ba su da yawa. Ko a bar dokar yadda take, ko a ce in babu wanda ya haye rabi a koma zagaye na biyu irin na Nijar da Ghana, ko kuma a ba mai zaɓe dama ya jera 'yan takara daga wanda ya fi so zuwa na ƙasa, a gama komai rana ɗaya. Dukansu na yi musu tambaya biyu. Inda 'yan takara masu ƙarfi suka kai uku, dole a yi ciniki kafin a samu rinjaye. To wa ke yin cinikin, kuma yaushe? Sannan talakan da ya tsaya a rumfar zaɓe har dare, zai iya ganin ƙirgar da idonsa?

Dokar da muke da ita yanzu ta cancanci a yi mata adalci. Waɗanda suka rubuta kundin 1979, inda dokar ta samo asali, ba rabi ne ya dame su ba. Sun fito daga jamhuriya ta farko inda kowace jam'iyya take da yankinta, sun fito daga yaƙin basasa, don haka tsoronsu shi ne wani ya ci mulkin ƙasa da ƙuri'un yanki ɗaya. Sharaɗin kashi 25 ya yi aikinsa ta wannan fuska: babu ɗan takarar da ke son cin zaɓe da gaske da zai tare a Arewa ko a Kudu ya ce ya wadatu. Ƙasashe kaɗan ne suke da irin wannan sharaɗi, Kenya da Indonesiya na cikinsu, kuma Najeriya ta riga su.

Amma tun ranar farko dokar ta nuna inda take yoyo, kuma a Kano abin ya faru. A 1979 jihohi 19 ne. Shehu Shagari na NPN ya samu kashi 33 da ɗoriya na ƙuri'un ƙasa, ya kuma cika sharaɗin kashi 25 a jihohi 12. Ta 13 ita ce Kano, inda Malam Aminu Kano na PRP ya kwashe akasarin ƙuri'u, Shagari ya tsaya a kashi 19.94, da ƙuri'a 243,423 daga cikin 1,220,763. Kashi biyu cikin uku na 19 nawa ne? Obafemi Awolowo ya ce 13, tunda ba a gutsura jiha. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 da biyu bisa uku: a ɗauki kashi biyu cikin uku na ƙuri'un Kano, wato 813,842, a cire rubu'insu, sai ka ga abin da ake nema bai wuce 203,460 ba, Shagari kuwa ya zarce haka. Kotun Ƙoli ta yarda da wannan lissafi a watan Satumba, kwanaki kaɗan kafin miƙa mulki. Bayan shekara 44 aka sake irin wannan musu a kan Abuja, ko dole ne sai ɗan takara ya samu kashi 25 a can, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a'a ranar 26 ga Oktoban 2023, wata biyar bayan rantsuwa. Sau biyu ke nan da aka ci zaɓe da kusan sulusi, kuma duka biyun a gaban alƙalai aka ƙare, ana jayayya kan ma'anar jimla ɗaya.

Abin lura shi ne matsalar ba kullum take tasowa ba. Obasanjo a 1999 da 2003, 'Yar'aduwa a 2007, Jonathan a 2011, Buhari a 2015 da 2019, duk sakamakon da aka bayyana ya nuna sun haye rabi. Sai an samu dawaki uku ko huɗu masu gudu sannan dokar take haifar da shugaban da akasarin masu zaɓe ba su zaɓa ba. Kuma 'yan siyasa sun san haka, shi ya sa a wannan tsari cinikin kafin zaɓe ake yinsa. Majar da ta haifi APC a 2013, inda ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka narke wuri guda, wannan doka ce ta tilasta ta, don sun ga a 2011 cewa in suka ci gaba da raba ƙuri'a ba za su taɓa kayar da PDP ba. Cinikin na manya ne, a ɗakunan otal, mai zaɓe sai dai a kawo masa abin da aka dafa. Shi ma a ranar zaɓe dole ya yi nasa lissafin: wanda nake so ba zai ci ba, kada in zubar da ƙuri'ata, bari in ba wanda zai iya kayar da wanda na ƙi. Kowa ya ji irin wannan magana a majalisar unguwa.

Maƙwabtanmu na Nijar ba sa bukatar a yi musu bayanin zagaye na biyu. Tun daga 1993, zaɓukan shugaban ƙasa na 1993, 1999, 2004, 2011, 2016 da 2020 duk sai da aka koma akwati karo na biyu. Wanda ya fita daban shi ne na 1996, da Ibrahim Ba'are Mainasara ya rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙirga, aka ce ya ci tun a zagayen farko. Dokar mai sauƙin faɗa ce: kowa ya tsaya, in wani ya haye rabi shi ke nan, in ba haka ba na ɗaya da na biyu su sake karawa bayan 'yan makonni.

Zaɓen 1993 shi ne ya fi nuna ƙarfin tsarin da kuma rauninsa. A zagayen farko Tandja Mamadou na MNSD ne a gaba da kashi 34, Mahamane Ousmane na CDS yana bin sa da kashi 26 da ɗoriya. Da dokar Najeriya ce, da zancen ya kusa ƙarewa nan. Sai Mahamadou Issoufou da Moumouni Adamou Djermakoye, waɗanda suka zo na uku da na huɗu, suka mara wa Ousmane baya a ƙawancen AFC, ya ci da kashi 54. Akasarin 'yan Nijar sun gaji da MNSD, jam'iyyar da ta gaji mulkin soja, kuma dokar ta ba su hanyar faɗin haka ko da yake sun rarrabu a kan wanda suke so. Haka aka yi a Senegal sau biyu: Abdou Diouf yana gaba da kashi 41 a 2000 Abdoulaye Wade ya kayar da shi a zagaye na biyu, sannan Wade ɗin ma yana gaba a 2012 Macky Sall ya yi masa irin abin da ya yi wa Diouf. Shugaba mai ci ya fi kowa jin tsoron wannan doka, don ba zai iya dogaro da rabuwar kan 'yan adawa ba. Ba banza ba Joseph Kabila ya sa aka soke zagaye na biyu a Kwango a farkon 2011, ya ci zaɓen wannan shekara da kashi 49. Kamaru ma zagaye ɗaya take yi.

To amma rinjayen Ousmane aro ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. An raba kujeru: Issoufou firaminista, Djermakoye shugaban majalisa. Shekara ɗaya da rabi ba a cika ba Issoufou ya ajiye muƙami a Satumban 1994, jam'iyyarsa ta PNDS ta fice daga ƙawancen, shugaba ya rasa rinjaye a majalisa. Zaɓen majalisa na 1995 ya kawo Hama Amadou a matsayin firaminista, shi da shugaban ƙasa ba sa ga-maciji, gwamnati ta tsaya cik, sojoji suka shigo ranar 27 ga Janairun 1996. Mohamed Bazoum ma ya tashi daga kashi 39 a Disamban 2020 zuwa kashi 55 da ɗoriya a Fabrairun 2021, bayan Seini Oumarou da Albadé Abouba sun goya masa baya, kuma wannan rinjaye bai hana a tsare shi ranar 26 ga Yulin 2023 ba. Duk wanda ya ce maka rabi da ɗoriya rigakafin juyin mulki ne, tarihin Nijar ya ƙaryata shi. Haka kuma dokar ba ta gyara zaɓen da aka riga aka karkatar. A 2016 Issoufou ya yi kamfe da taken gamawa a bugu ɗaya, ya tsaya a kashi 48. Abokin karawarsa Hama Amadou yana tsare a gidan yarin Filingué, 'yan adawa suka ƙaurace, aka bayyana kashi 92. Lamba ce babba wadda ba ta gamsar da kowa ba.

Duk da haka, cinikin zagaye na biyu ya fi na kafin zaɓe tsafta, saboda dalili ɗaya: ana yinsa ne bayan an auna kowa. Kafin zaɓe kowane ɗan siyasa cewa yake jiharsa a aljihunsa take. Bayan zagayen farko an ga nauyin kowa a sikeli, kuma ko jagora ya ce a bi wane, mabiyansa na da damar ƙin bi, tunda su za su sake shiga layi. A 2023, da dokar rabi ce, da Tinubu da Atiku sun sake karawa, kuma ƙuri'u sama da miliyan bakwai da rabi na Obi da Kwankwaso su ne za su raba gardama. Ba na cewa ga wanda zai ci. Abin da na sani shi ne dukansu biyu da sun kwana a Kano da Inugu suna roƙo, suna ɗaukar alkawari a bainar jama'a.

Ghana ce ta nuna yadda abin yake in hukuma da 'yan siyasa sun riƙe amana. A Disamban 2008 Nana Akufo-Addo na jam'iyya mai mulki ya samu kashi 49.13, John Atta Mills 47.92. Kaɗan ya rage. Aka koma ranar 28 ga wata, Mills ya shiga gaba da ƙuri'a dubu 23, amma saura mazaɓa ɗaya, Tain, da ba a yi zaɓe ba, kuma masu rajista a can sun fi ratar yawa. Ƙasa gaba ɗaya ta zuba wa wannan ƙaramar mazaɓa ido har zuwa 2 ga Janairu. Mills ya ci da kashi 50.23, ratar ƙuri'a dubu 40 da 'yan kai, Akufo-Addo ya amince, aka miƙa mulki. Sai dai a shekarar nan ɗaya Zimbabwe ta nuna ɗaya fuskar. Morgan Tsvangirai ya wuce Robert Mugabe a zagayen farko, makonnin da ke tsakani suka zama na duka da kisa, har Tsvangirai ya janye. A Kodebuwa zagaye na biyu na 2010 tsakanin Laurent Gbagbo da Alassane Ouattara ya tsaga ƙasar gida biyu, Kudu da Arewa, aka rasa rayuka kusan dubu uku.

Wannan shi ne babban abin da ya kamata ɗan Najeriya ya tsaya a kansa. In aka rage mutum biyu, ɗaya daga Arewa ɗaya daga Kudu, ɗaya Musulmi ɗaya Kirista, aka ba masu wa'azin siyasa da 'yan soshiyal midiya mako uku, me zai faru? Ba mu manta da Afrilun 2011 ba, lokacin da aka kashe ɗaruruwan mutane a jihohin Arewa bayan bayyana sakamako. Sai dai wancan zaɓe a ƙarƙashin dokar yanzu aka yi shi, wanda ya ci kuma ya samu kusan kashi 59. Karawar mutum biyu ba sai da zagaye na biyu take zuwa mana ba. Kuma mutanen Kano sun san abin da ake nufi da komawa akwati in kowa ya riga ya san ƙuri'a nawa ake nema. A Maris ɗin 2019 aka ce zaɓen gwamna inkonkulusib ne, Abba Kabir Yusuf na gaba da kusan dubu 26, aka ƙarasa ranar 23 ga wata a wasu rumfuna, har da na mazaɓar Gama, Abdullahi Ganduje ya ci da ratar da ba ta kai dubu 9 ba, masu sa ido na Tarayyar Turai suka ba da rahoton tashin hankali da razana masu zaɓe. Amma akwai bambanci. A ƙarashen zaɓe, ƙarfin jiha da na ƙasa duk a kan 'yan rumfuna ake tara shi. A zagaye na biyu na ƙasa rumfuna sama da dubu 176 ne za su buɗe rana ɗaya, babu mai 'yan dabar da za su ishe su.

Kuɗi kuwa za a kashe. Zaɓen 2023 ya ci wa hukumar INEC sama da naira biliyan 300, kuma sake fita na nufin sake biyan ma'aikatan wucin gadi, motoci, jiragen ruwa, jami'an tsaro, da rufe kasuwanni na yini guda. A yankunan da 'yan bindiga suka addaba, kowace fita kasada ce. A ranar zagaye na biyu na Nijar a 2021 nakiya ta kashe ma'aikatan hukumar zaɓe bakwai a jihar Tillabéri. Abin da zai rage nauyin hujjar kuɗi shi ne ko yanzu dokarmu ta tanadi zagaye na biyu in ba a cika sharaɗin jihohi ba, cikin kwana 21, kuma kafin zaɓen 2023 hukumar ta bayyana cewa za ta buga takardun ƙuri'a ninki biyu saboda haka. Tanadin yana nan, ba a dai taɓa amfani da shi ba.

Akwai wani aibi da masu son wannan tsari ba su cika faɗa ba. Zagayen farko na iya zubar da mutumin da akasarin jama'a za su iya haƙuri da shi. A Faransa a 2002 'yan takara 16 suka tsaya, masu ra'ayin gurguzu suka rarraba ƙuri'unsu, firaminista Lionel Jospin ya zo na uku da kashi 16.2, Jean-Marie Le Pen ya haye da 16.9. Jacques Chirac, wanda bai kai kashi 20 ba a zagayen farko, ya ci da kashi 82, miliyoyin waɗanda suka zaɓe shi kuma ba sonsa suke ba. Masar ta ga irin haka a 2012, aka bar mutane tsakanin Mohamed Morsi da Ahmed Shafik, alhali su biyun a haɗe ba su kai rabin ƙuri'un zagayen farko ba.

Don kauce wa kuɗi da tashin hankalin tsakanin zagaye biyu ne wasu suke kawo hanya ta uku. Mai zaɓe zai sa 1 a gaban wanda ya fi so, 2 a gaban mai bi masa, haka har ƙasa. A ce mutum 100 ne suka yi zaɓe: mai alamar fartanya ya samu 40, mai tulu 35, mai fitila 25. Babu mai rabi. Sai a cire mai fitila, a ɗauko takardunsa 25 a duba wa suka sa a na biyu. In 18 sun ce tulu, 7 sun ce fartanya, mai tulu ya ci da 53. Zagaye na biyu ne aka yi a kan takarda ɗaya. Ostireliya tana zaɓen majalisar wakilanta haka tun 1918, Ireland kuma shugaban ƙasa. A 1990 Mary Robinson ta zo ta biyu a ƙirgar farko, ƙuri'un wanda aka cire suka ɗaga ta sama.

A kan takarda wannan ya fi duka kyau, kuma a tambayata ta farko shi ya ci: babu jagoran da zai sayar da mabiyansa, mai zaɓe da kansa yake yin cinikin, a ɓoye, babu fargabar zubar da ƙuri'a. Yana kuma sa ɗan takara ya sassauta harshe, don yana neman zama na biyu a wurin magoya bayan abokin hamayya. Papua New Guinea, ƙasa mai ɗaruruwan ƙabilu inda a zaɓen 2002 'yan majalisa da yawa suka ci da ƙasa da kashi 20, ta koma tsarin jera mutum uku daga zaɓen 2007 saboda wannan dalili. 'Yan takara sun fara shiga ƙauyukan da a da ba sa takawa. Rikicin zaɓe dai bai ƙare ba, musamman a yankin tsaunuka, kuma ƙirga na ɗaukar makonni.

A tambaya ta biyu ne yake faɗuwa, kuma faɗuwar a wurina ta isa. Ka tuna yadda yammacin ranar zaɓe yake a rumfa. Jami'i ya zazzage akwati a kan tebur, ya ware takardu jam'iyya-jam'iyya, ya ɗaga ɗaya bayan ɗaya, jama'a na amsawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, wasu na haska masa da fitilar waya. A rubuta a takardar sakamako ta EC8A, ejan-ejan su sa hannu, a ɗauki hoto da na'urar BVAS, kowa ya tafi gida da lambar a kansa. Ɗan abin da ya rage na yarda da zaɓe a ƙasar nan a wannan tebur yake. Taken a kasa, a tsare, a raka, daga nan ya samo asali, kuma akasarin ƙorafin 2023 a kan abin da ya faru ne bayan takarda ta bar rumfa. A tsarin jerawa rumfa ba za ta iya gama ƙirga ba. Ba ka san wanda za a cire ba sai an haɗa ƙuri'un ƙasa gaba ɗaya, sannan a dawo a buɗe takardunsa, a sake haɗawa, a sake cire wani. Da 'yan takara 18 kamar na 2023, ko 73 kamar na 2019, ko dai a kwashe takardu zuwa cibiya, ko a miƙa wa kwamfuta. Wa zai yarda?

Ga kuma batun dangwale. Takardarmu yatsa da tawada take so, a gaban alamar jam'iyya, saboda miliyoyin masu zaɓe ba su yi boko ba. Duk da wannan sauƙi, ƙuri'u kusan miliyan 1.3 aka soke a 2019, sama da dubu 900 a 2023. In aka ce tsohuwa ta rubuta 1, 2, 3, lalatattun ƙuri'u za su ninka, ko kuma a samu ƙofar da wani zai shiga da ita wurin dangwale da sunan taimako. Ko inda ake da ilmi, ba kowa ke cika jerin ba. Sri Lanka na da irin wannan doka tun da daɗewa, amma sai a Satumban 2024 aka fara bukatar ƙirga ta biyu. Anura Kumara Dissanayake ya samu kashi 42, Sajith Premadasa kusan 33. Daga ƙuri'u sama da miliyan 3 na waɗanda aka cire, ƙasa da dubu 300 ne suka koma kan ɗaya daga cikin su biyun. Dissanayake ya zama shugaba da kusan kashi 43 na dukkan ƙuri'un. Dokar da aka yi don samar da rinjaye ba ta samar ba. Birtaniya ma da aka tambayi jama'arta a 2011, kashi biyu cikin uku suka ce ba sa so.

Akwai masu tsaka-tsaki, kamar Ajantina, inda kashi 45 ya isa, ko kashi 40 in ratar ta kai maki 10. Yana rage yawan komawa akwati, kuma da shi ma zaɓenmu na 2023 sai an koma. Amma lamba ce da za a yi ta musu a kanta, me ya sa 45 ba 40 ba, alhali rabi kowa ya san shi.

Ni dai in aka tambaye ni a zaman jin ra'ayi, ga abin da zan ce. A shugaban ƙasa, a ɗauki irin na Kenya: tun kundinsu na 2010 sai ɗan takara ya haye rabi, kuma ya samu kashi 25 a fiye da rabin gundumomi 47. Mu namu sharaɗin jihohi 24 a bar shi yadda yake, a ƙara rabi a kansa. Cire sharaɗin jihohi don an sa na rabi babban kuskure ne, don shi ne kaɗai zai hana zagaye na biyu zama ƙidayar yanki da addini. Malawi da Zambiya, waɗanda suka gaji tsarin Ingilishi kamar mu, duk sun koma rabi da ɗoriya. Zambiya ta taɓa samun shugaba da kashi 29 a 2001, ta gyara a 2016. A Malawi kotu ce ta soke zaɓen 2019 da Peter Mutharika ya ci da kashi 38, ta ce rinjaye na nufin fiye da rabi, 'yan adawa suka haɗe, Lazarus Chakwera ya ci a Yunin 2020.

Rubutun gyaran kuma sai an yi shi da idon wanda ya san 1979. Rabin me? A Kenya a 2013 Uhuru Kenyatta ya tsallake layin da kusan ƙuri'a dubu 8 kacal, aka je kotu a kan ko lalatattun ƙuri'u na cikin lissafi. A rubuta ƙarara cewa sahihan ƙuri'u ake nufi. A fayyace matsayin Abuja da kalmomin da ba sa bukatar alƙali. A gyara wanda zai shiga zagaye na biyu, don dokar yanzu ba ta ce na biyu a yawan ƙuri'a ba, cewa ta yi wanda ya ci jihohi mafi yawa a cikin sauran, kuma a 2023 Atiku jihohi 12 ya ci, Obi 11 da Abuja, ka ga wata shari'ar ke nan tana jira. A kuma matso da ranar zaɓe baya yadda zagaye biyu da ƙararraki za su ƙare kafin 29 ga Mayu.

'Yan majalisa kuwa ban ga dalilin sake fita saboda su ba. Kujeru 109 na dattawa da 360 na wakilai, ban da na jihohi, in aka ce kowace sai an haye rabi, rabin shekara za a yi ana zaɓe. Ciwon majalisa ma daban ne. A Birtaniya a 2024 jam'iyyar Labour ta samu kujeru 411 cikin 650 da kusan sulusin ƙuri'u, kuma maganin irin wannan shi ne raba kujeru gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya, kamar yadda Nijar take yi da akasarin kujerun majalisarta kafin juyin mulkin 2023. Wannan muhawara ce ta wata rana. Tsarin jerawa kuma yana da wurin da za a gwada shi ba tare da an yi caca da ƙasa ba: zaɓen fid da gwani na jam'iyyu, inda daliget 'yan ɗari ko 'yan dubu ne a zaure ɗaya, takardu ba sa barin wurin, kowa na kallo.

Saura gwamnoni. Sashe na 179 irin dokar shugaban ƙasa ya ba su, da ƙananan hukumomi a madadin jihohi, kuma hujjar rabi ta hau kansu daidai wa daida. A Kaduna a 2023 Uba Sani ya ci da 730,002, Isa Ashiru na da 719,196, alhali 'yan takarar LP da NNPP sun kwashi kusan dubu 80, ninki bakwai na ratar. Sai dai gyaran kundin tsarin mulki na bukatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24, kuma kowa ya san wanda majalisun jihohi suke saurara. Ƙudirin da ya haɗa sashe na 134 da na 179 a jaka ɗaya zai mutu a jihohi. A raba su ƙudiri biyu, a fara tura na shugaban ƙasa, kuma a rubuta cewa ba zai fara aiki ba sai zaɓen da ke bayan mai zuwa, lokacin da babu wanda ya san ko shi dokar za ta taimaka ko abokin hamayyarsa.